Faifai Uku

Faifai uku na saya a bakin tashar Yawuri,
ɗari-ɗari, ban taya ba.
Mai shagon ya hura musu iska, ya goga a gefen rigarsa,
kamar hakan zai ƙara musu albarka.

Kwamfutocin makarantarmu shida ne,
wata ƙungiya ta kai su Wara bara da damina.
Suna kamawa, suna haske, suna kallon yara,
amma cikinsu wayam, rumbun da aka share.
Intanet kuwa ba ta san hanyar garinmu ba.

Shi ya sa nake nan tun bayan azahar,
ɗakin kwamfuta na kwaleji, kujera ta tara,
wadda ƙafarta guda take ɗingishi.
Sahabi mai kula da ɗakin ya ce,
"Malama Kulu, kayanki na nan, ba wanda ya taɓa."
Manhajar rubutu. Ta lissafi.
Maganin cutar da ke cin na'ura daga ciki.
Da wata 'yar ƙarama mai nuna wa yatsu inda haruffa suke kwana.
Wuni biyu suka yi suna ɗigowa ta waya
kamar famfon unguwa da bazara.

Ya ce ƙonawa za mu yi.
Na ce, wace irin ƙonawa, ba gawayi, ba hayaƙi?
Ya ce, "Haka ake cewa. Amma ki sani,
abin da ya hau kansa ya hau ke nan.
Wanga faifai bai san goge ba."

Na tuna faifan Inna, na kaba, mai jan baki,
da shi take rufe ƙwaryar nono, da shi take sheƙar gero.
Shi ma aikinsa ke nan:
ya riƙe tsaba, ya kai ta gida.

Bakin na'ura ya buɗe, ya haɗiye na farko.
Tana gurnani a hankali.
Koren layi ya fara rarrafe:
goma, talatin, sittin da biyu,
ina ƙirgawa da leɓe, ba murya,
tamanin da bakwai,
sai ɗif.
Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.
Wani ɗalibi a baya ya ce, "Kai, Nefa!"
Sauran maganar ba ta rubutuwa.

Na biyu laifina ne.
Garaje na yi, na zaɓi gudu mafi sauri,
ya fito da kyalli kamar lafiyayye,
muka mayar, na'ura ta ce ba ta san shi ba.

Saura ɗaya.
Na kwance bakin gyale, na ba da kuɗin mai, lita guda.
Janareto ya yi tari, ya yi tari, ya kama.
Sahabi ya ce, "A bar shi ya tafi da ƙafa."
Muka zaɓi gudu mafi nawa.
Ban taɓa teburin ba. Ko tari ban yi ba.
An kira la'asar layin yana arba'in,
na yi salla a lungu, kunnena yana wurin gurnanin,
Allah ya yafe mini.

Ɗari.
Bakin ya buɗe da kansa.
Na ɗauke shi da yatsu biyu, ta gefe,
da ɗumi, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.
Na rubuta da baƙin alƙalami: WARA, AJI UKU, KADA A TAƁA.
Na naɗe shi a tsohuwar takardar jarrabawa.

Biyun da suka mutu ban yar ba.
Baba zai ɗaure su da zare a gonar shinkafa,
su riƙa walƙiya suna korar jan-baki.
Kowa da makarantar da zai koyar.

Motar Wara ta kusa cika.
Na zauna gefen taga, jaka a kan cinya, hannu a kan jaka.
Duk ramin da muka faɗa
sai na ce wa direba, "A hankali, akwai yara a ciki."
Ya waiga, bai ga yaro ko ɗaya ba.